Riƙon Jakin Habu

Jiya wani a cikinku ya ce mini wai da zai samu laftof da isasshiyar data, cikin sati biyu zai haɗa wasan da ya fi namu. Ban tanka masa ba, don lokacin bakina cike yake da goro. To yau na tofar da tukar, sai ku matso. Kai mai jar hula, kife wayar nan, ba za ta gudu ba.

Sunana Sabo, amma Madugu ake kirana. Noma na gada, sana'ar da na koya a wurin mai ita kuwa tsara wasa ce. Na san in na faɗi haka a gaban dattawa sai su sunkuyar da kai suna murmushi, wai mutum da furfurarsa yana cin abinci da wasa. Su yi ta yi. Ta rufa mini asiri, kuma a cikinta na ga abin da har in koma ga Allah ba zan daina gode masa a kai ba.

Wasan nan da kuke bugawa, Ayari, ba a waya aka haife shi ba. A ƙofar zauren Baba Ilu aka haife shi, a ƙauyenmu da ke gabas da Ɗanbatta. Baba Ilu mai awon gero ne a kasuwa, kakansa kuma bafatake ne, irin masu kora jakuna da gishiri da kanwa su dawo da goro. Labaran kakan nan ya mayar wasa. Kayan aikinsa ba su da yawa: buhun taki da aka farke aka shimfiɗa, an zana masa hanyoyi da rijiyoyi da zango-zango da tawada, tsakuwa ɗaya ga kowane ɗan wasa, sai faifai da ƙwallayen dabino biyar da aka ƙona wa gefe guda. Babban kayan aikin kuwa bakinsa ne.

Kowa zai zaɓi wanda zai zama a tafiyar: wani jagaba, wani mai magani, wani tafinta, wani mai jaki kawai. Ka ba shi suna, ka ba shi hali. In ka ce naka matsoraci ne, to ranar da kura ta yi kuka kada ka zo kana yi mana jarumta. Madugu shi ne mai ba da labari. Sai Baba Ilu ya gyara zama ya ce, "Kun iso bakin kogi, ya ciko har ya shafe mashigi. A tsallake ga wasu mutane zaune, ba ku san ko masu fito ne ko 'yan fashi ba. Gishirinku kuma ba ya shiri da ruwa. Me za ku yi?" Nan za a kaure da gardama. In an tsayar da shawara sai a watsa ƙwallaye a faifai. Baƙi ya rinjayi fari, abin ya yiwu. In ba haka ba, sai ka ji yadda jakinka ya zame da kayanka.

Ba a daɗe ba magana ta kai kunnen Liman cewa ana caca a ƙofar gidan Ilu. Baba Ilu bai jira a kira shi ba, ya naɗe buhunsa ya tafi da mu gaba ɗaya, muka buga a gabansa. Liman ya kalla har muka kai bakin kogin nan, sannan ya kafa sharaɗi: ba kuɗi, ba goro, ba ko ƙwayar gyaɗa a tsakani, kuma da an kira salla a tashi. Muka ce mun ji. Muna naɗe buhu sai ya ce, "Amma da ni ne, da na kwana a wannan gaɓar na jira ruwan ya janye." Tun daga ranar bai ƙara cewa komai ba, sai dai in ya zo wucewa ya rage tafiya.

Koyona ya ɗauki shekaru, kuma yawancinsa shiru ne. Aikina na farko ɗaukar buhu da share wurin zama. Na biyu kallon fuskoki. In an watse Baba Ilu zai tambaye ni wa ya gaji, wa aka danne bai samu ya yi magana ba, wa ya zo da ɓacin rai daga gida. Ranar da ya fara miƙa mini faifai, ina ɗokin nuna gwaninta, na turo wa 'yan wasa ƙishirwa, na turo 'yan fashi, na ƙara da annobar jakuna. Kafin magariba ba wanda ya rage da rai. Ina ta washe baki. Ya dube ni ya ce, "Kai Sabo, madugu aka ba ka ko fashi? Mutane sun baro aikinsu sun zo su yi tafiya tare, ka kashe su a zangon farko. Gobe wa zai zo?" Washegari kuwa mutum biyu ne suka zo, ɗaya ma sallama kawai ya yi ya wuce.

Amma abin da ya fi tsananta mini a kai shi ne ƙirga kai. Ayari ba ya tashi sai madugu ya kira sunan kowa, kowa ya amsa, "Ga ni, da jakina." In wani bai zo ba, ko rashin lafiya ko ya tafi kasuwa, ba a ɗauke tsakuwarsa. Wani ne zai ce, "Yana tafe, ina riƙe da jakinsa." Riƙon jaki kuma ba a baki kawai yake ba. Wanda ya riƙe sai ya sauke wani abu daga kayansa ya bari a zango, don mutum ɗaya ba ya iya lura da cikakkun kaya biyu. Ku ajiye wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Shekaru suka tura, samari suka fara watsewa neman kuɗi, waya ta shiga kowane aljihu. Zaman ƙofar zaure ya koma na tsofaffi. Sai ga Rabi, 'yar ƙanwata, wadda ta karanta kwamfuta a Kano ta buɗe shago a Bacirawa. Tun tana ƙarama take buga Ayari a cikin gida, inda uwarta ce madugun mata. Ta ce, "Kawu, mutanenka ba daina son wasan suka yi ba, nisa suka yi. Mu kai musu buhun inda suke." Na ce buhu ba ya shiga waya. Ta ce in dai ba ta dama. Alhaji Mudi, wani mai hatsi a Dawanau da muka yi ƙuruciya tare, ya ɗauki nauyin hayar babbar kwamfutar da za ta riƙe wasan, can wata ƙasa da ban taɓa gani ba. Rabi tana da sunan da take kiranta da shi, ni dai rumbu nake ce mata.

Aikin farko da muka sa a gaba shi ne kogin nan. Na'ura ba ta san "me za ku yi?" ba, sai ka jera mata amsoshi. Muka zauna muka jera: a yi iyo, a kira masu fito, a kwana, a bi gaɓa, a koma. Muka kai wa wasu manoma su gwada. Na farkonsu ya dubi wayar ya ce, "Ni so nake in ɗaga murya in sayar wa na tsallake gishirin tun daga nan, su su san yadda za su haye da shi." Babu wannan a ciki. Na biyu ya ce shi ne mai maganin ayari, zai yi kamar ya haukace don 'yan fashi su tsorata. Rabi ta dafe kai tana dariya. A motar komawa ta ce, "Kawu, ba za mu taɓa gama jera abin da ke cikin kan mutum ba. Na'ura ta riƙe taswira, ta riƙe kaya, ta watsa ƙwallaye. Madugu kuwa a bar shi mutum." Shi ya sa har yau kowane ayari yake da madugunsa mai rai, kuma da saƙon murya ake wasan, wanda ya yi boko da wanda bai yi ba duk ɗaya. Aikina ya koma horar da madugai, ina yi musu faɗan da aka yi mini.

Sai maganar ƙwallaye. Na'ura tana watsawa daidai, amma mutane suka ce maguɗi take yi, don ba su ji ƙara ba. Muka ɗauko faifan Baba Ilu da ƙwallayensa na asali, muka shiga ɗaki muka toshe taga da bargo, muka naɗi ƙararsu. Zakaran maƙwabta ya ɓata mana aikin ya fi a ƙirga, har na rantse sai na saye shi na yanka. Da muka sa ƙarar, ƙorafi ya mutu, alhali ba abin da ya canja a lissafin. A ranar ne kuma muka naɗi muryar Baba Ilu yana cewa, "Ayari, a ƙirga kai!" Ita ce kuke ji duk lokacin da kuka buɗe wasan. Ya kuma zauna ya ba da tsofaffin tafiye-tafiyensa, muka naɗe muka zuba a rumbu, duk mai so ya saurara.

Garuruwan kuwa wani mai fentin manyan motoci a Ɗanbatta ya zana mana su, ina tsaye a kansa. Ganuwa, marina, kasuwar goro, rijiya mai zurfi da raƙumi yana jan guga. Na sa shi ya yi ta sake wata ƙofar gari har ya ajiye buroshi ya ce in je in nemi wani. Ba na ɓoye muku, ina ji da zanen nan fiye da yadda ya kamata.

Masu wasanmu ba irin waɗanda kuke zato ba ne. 'Yan dako a Dawanau masu jiran mota ta zo, direbobin tasha, malaman firamare, matan aure bayan an sauke tukunya. Akwai Hajiya Ladi mai awara, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba, amma ba a taɓa yin madugu mai tsauri kamarta ba. A ayarinta in ka yi ƙarya a ciniki, kafin zango na gaba jakinka ya gurgunce. Ƙorafinsu kullum ɗaya ne: "Madugu, sabis ya ɗauke, na dawo na tarar kura ta cinye ni!" A ƙauyukanmu kuwa akwai inda sai ka hau katanga kake samun sabis. Don haka muka cire agogo daga wasan. In layi ya zo kanka zai jira ka, ka je gona ka dawo, ka kai waya caji ka karɓo. Masu gaggawa suka ce wasan tsofaffi ne. Na ce haka ne, ai tsoho ne ya ƙirƙire shi.

To sai shekarar wahala ta zo. Taki ya gagari talaka tun farkon damina, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai, kuɗin mota zuwa Kano ya zama abin da sai an yi shawara da iyali. Magidantan da ban taɓa ganin sun auni hatsi a kasuwa ba, a shekarar na gan su da kwano. Da aka girbe ɗan abin da ya samu, samari suka fita kamar an kore su. A cikinsu har da Habu, autan Baba Ilu, wanda shi ke noma gonar, shi ke jan hannun uban zuwa masallaci, don a lokacin idon Baba Ilu ya riga ya tafi. Ya ce zai bi motar albasa zuwa kudu, ya yi dako ya turo abin da ya samu.

Da farko muna jinsa. Ayarinmu na ƙofar zaure yana nan a waya, ni ne madugu, Baba Ilu ma yana da nasa suna a ciki, ni nake danna masa. Duk Juma'a bayan la'asar nakan je zaurensa in ajiye wayata a kan tsohon buhun. In na kira sunan wanda ya yi nisa na taɓa shi, amsar da ya turo sai ta fito. Habu yakan turo tasa daga tasha, ana jin hon ɗin motoci a bayansa: "Ga ni, da jakina. Baba, kada ka yarda Madugu ya sa mu bi ta dajin nan." Tsohon ya yi ta dariya. Sai wata Juma'a na kira sunansa, shiru. Aka kira lambarsa, a kashe. Sati ya bi sati. Aka tambayi direbobi, aka aika wa 'yan garinmu da ke can, aka sa malamai addu'a. Wani ya ce ya gan shi a wata kasuwa, wani ya ce ba shi ba ne. Duk Juma'a in na zo kan sunan Habu, Baba Ilu ne ke amsawa: "Yana tafe, ina riƙe da jakinsa." In an tashi kuma sai ya ce in sake sa masa tsohuwar muryar, ta dajin nan.

Ana cikin haka Alhaji Mudi ya kira mu shagon Rabi. Shi ma shekarar ta taɓa shi, hayar rumbu kuma da kuɗin waje ake biyanta, ta yi tashin da ba zai iya bi ba. Bai yi ɓoye-ɓoye ba. Ya ce, "Sabo, ba zan janye hannuna ba, amma ƙaramin rumbu kaɗai zan iya. Ƙarshen wata za mu koma." Rabi ta yi mana bayani: ƙaramin yana da iyakar kawunan da zai ɗauka, yana da iyakar kaya. Abin da kowa ke yi a wannan sana'a shi ne a share waɗanda suka daɗe ba su shigo ba. Wanda aka share, sunansa ya tafi, muryarsa ta tafi, in ya dawo ya ƙwanƙwasa za a ce masa ba a san shi ba.

Na ce, "Har da Habu?"

Ta ce, "Har da shi, Kawu. Na'ura ba ta san ɗan wane ba."

Na miƙe tsaye, na yi faɗan da sai da masu shagunan kusa suka leƙo. Na ce lambarsa a kashe take, ba mu san garin da yake ba, ƙofa ɗaya ta rage tsakaninsa da ubansa, ita za mu toshe da hannunmu? Wa zai je ya gaya wa tsohon da ba ya gani cewa an share ɗansa? Na ce to a bar Habu, a share sauran. Rabi ta ƙyale ni har na gaji na zauna, sannan ta ce, "Sauran ma 'ya'yan wasu ne. Kawu, faɗa ba zai ƙara wa rumbu faɗi ba. Gaya mini dalla-dalla yadda kuke riƙon jaki a kan buhu."

Na gaya mata. Da na zo wurin sauke kaya ta tsayar da ni. "Wato ba kyauta ba ne? Mai riƙo sai ya rasa wani abu?" Na ce ƙwarai kuwa. Ta kalli silin, can ta ce to akwai hanya. Za ta ɗaure wanda ya ɓace a jikin wanda yake nan, su zama kai ɗaya a lissafin rumbu. Mai riƙo zai sauke nasa tsofaffin muryoyin don a samu wurin ajiye na ɗan'uwansa. Ranar da mai jaki ya dawo ya sa sunansa da kalmar sirrinsa, na'ura za ta nemo mai riƙo ta kwance. Wanda bai samu mai riƙe masa ba, shi ne zai tafi. Har na fara hamdala sai ta ce, "Amma duk da haka wurin ba zai isa ba, sai an sauke garuruwanka."

Wallahi ya yi mini ciwo. Na ce ko ƙofar garin nan guda ɗaya a bari. Ta ce har ita. Na dubi Alhaji Mudi, ya kawar da kai yana jan carbi. Na ce a sauke.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin mutum ya yi aiki kamar Rabi ba. Ba wuta, man janareto ya fi ƙarfinmu, sai ƙaramar sola da ke ba ta 'yan sa'o'i da rana. Takan gama tunanin abin da za ta shigar tun da safe tana shara, don kada ta ɓata caji wurin tunani. Ni kuma na naɗi saƙo zuwa ga dukan masu wasa, na faɗi gaskiyar halin da ake ciki: zane zai tafi, taswira za ta koma layi da ɗigo kamar ta buhu, kuma duk wanda yake da wani da ya yi shiru, ga wurin dannawa nan, ya riƙe masa jaki kafin ƙarshen wata.

Wasu sun zage mu, wasu sun tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma sai saƙonni suka fara shigowa, a nan na gane Habu ba shi kaɗai ba ne. Wannan ta ce mijinta ya sayar da wayarsa ya auno masara, in Allah ya hore zai dawo. Wancan ya ce abokin dakonsa yana kwance. Wani ya ce bai san mutumin ba, muryarsa kawai ya sani, amma sun haye kogi tare, ba zai bar shi ba. Hajiya Ladi mai awara ta sauke duk abin da ta tara, duk tafiye-tafiyen da take alfahari da su, ta ce a ɗaura mata duk wanda ya rasa mai riƙo har inda igiyarta ta ƙare. Ta ƙara da cewa in sun dawo kada su ɗauka za ta yi musu sauƙi.

Na Habu kuwa ban bari kowa ya taɓa ba sai da na je wurin ubansa. Na yi niyyar in riƙe da kaina, na gaya masa. Ya ce, "Da ubansa a raye?" Na ce Baba, kayanka fa su ne tafiye-tafiyen nan da muka naɗa, su ne gadon wasan. Rabi za ta adana su a laftof, amma ba mai ƙara jinsu a waya. Ya ce, "Surutun tsoho ne, Sabo. A sauke. Kiran ƙirga kai kawai za ku bar mini." Na kama babban yatsansa na ɗora a wurin, ya danna da kansa. Ranar da muka koma ƙaramin rumbu Rabi ta kira ni ta ce ba a share ko mutum ɗaya ba.

To kai mai sati biyu, ka ji inda sana'ar take. Zane ana saye, lissafin ƙwallaye ana koya. Abin da ba ya cikin laftof shi ne ka san me mutane suke yi wa juna a kan buhu wanda ba su taɓa faɗa ba, don a wurinsu ba abin faɗa ba ne, sannan ka nemo masa wuri a cikin na'ura. Ni na san al'adar, ban san hanyar ba. Rabi ta nemo hanyar, Alhaji ya ci gaba da biya a shekarar da shi ma yake rage cefane, mutanen da ban taɓa gani ba suka sauke kayansu. Allah ya saka musu da alheri, ni dai ba ni da abin biyansu.

Rani ya wuce a haka, har aka fara sharar gona. Wata Juma'a hadari ya haɗo ta gabas, muna zaune a zauren Baba Ilu, ni da shi da sauran tsofaffi, waya a kan buhu. Na fara ƙirga kai. Wannan ya amsa, wancan ya amsa. Na ce, "Habu," na taɓa sunan kamar yadda na saba. Baba Ilu ya buɗe baki zai yi amsarsa ta kullum, sai wayar ta riga shi.

"Ga ni."

Muryar ta ƙanƙance, ta dishe, amma ba wanda ya tambayi ko wane ne. Ya ce wata motar kaya da ya bi ce ta kife a wani daji, ƙugunsa da ƙafarsa suka karye, wayar ta tafi da duk lambobin da ke cikinta, ba ko ɗaya a kansa. Mutanen wani ƙauye da ba ya jin yarensu suka kai shi wurin mai ɗori, can yake kwance tun lokacin. Ya ce ko da ya fara takawa, kunyar dawowa hannu rabbana ta hana shi neman hanya. Yau ya dogara sanda ya fita kasuwarsu, yana wucewa ta gaban wani mai shayi ɗan arewa sai ya ji muryar ubansa daga waya tana cewa a ƙirga kai. Ya ce nan ya zauna a ƙasa. Mai shayin ya ara masa wayar, ya sa sunansa da kalmarsa, yana da yaƙinin za a ce ba a san shi ba.

"Sai ta buɗe," in ji shi. "Baba, ku yafe mini. Ban samo komai ba. Jakin ma ban san inda yake ba."

Saƙon ya ƙare. Ni kuwa hawaye nake yi, ban damu da wa ya gani ba. Baba Ilu ya lalubo hannuna ya ce in danna masa wurin magana. Na danna. Ya matso da bakinsa kusa da wayar kamar mai raɗa, ya ce:

"Yana hannuna. Taho a hankali, ba mu tashi ba."